Kafin Ka Sayi Tsohuwar Fijo, Ka Zo Da Maganaɗisu

Bayan girbin bara wani dattijo, malamin firamare da ya yi ritaya, ya taso daga Kusada ya same ni a garejina nan Kankia. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ciro waya ya nuna mini hoton wata Fijo 504 fara sol, tana ɗaukar ido kamar yau aka fito da ita daga leda. An biya shi garatuti, ya ce, kuma tun yana ƙaramin malami yake kallon irinta a hannun sufetocin makaranta yana haɗiyar yawu.

Na ce, "Baba Malam, ka leƙa ƙarƙashinta?"

Ya ce, "Haba ɗana, ka ji injin kuwa? Kamar agogo."

Ban yi masa dariya ba, don ni ma ciwon yana jikina. A kan 504 na koyi riƙe sifana. Motar ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya buɗe masana'antarsa a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma ko da Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta alhazai, wagon ɗinta kuma ita ta riƙe hanyar Katsina zuwa Kano shekara da shekaru. Wanda ya tashi a wancan zamanin ya ce yana sonta, ba hauka yake yi ba.

Amma kuɗin da za ka miƙa wa mai ita shi ne mafi sauƙi a cikin abin da za ta ci. Kamar doki take: ranar saye ɗaya ce, harawa kuwa kullum.

Fara da mai. Injinta na kafireto ne, a yadda na saba gani kuma mai lafiya tana shan lita 11 zuwa 12 a kilomita 100, wadda kafiretonta ya gaji kuwa sai abin da ta ga dama. Daga nan zuwa Katsina kusan kilomita 60 ne, zuwa da dawowa ka ƙaddara lita 14. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita na hukuma bai kai naira 200 ba. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Ɗan fansho ya ɗauki biro ya buga wannan lissafi kafin zuciya ta buga masa.

Inda aka fi cutar mutane kuwa jiki ne. Inji ba ya ba ni tsoro. Ko ya buga, a sauke shi, a canza ringi da gaskit, ya tashi. Tsatsa ce ba ta da magani mai arha. Motar da ta shekara 30 ko 40 tana shan damina, wurin da take ruɓewa sananne ne: ƙasan ƙofofi, daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba, gindin but, da mazaunin shokozoba na gaba. Mai sayarwa yakan kai ta wurin fanabita a cike ramukan da fila, a goge, a watsa fenti. Ido ba zai gane ba. Maganaɗisu zai gane. Ka sami ɗan ƙarami, irin na tsohuwar sifika, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi jikin motar da shi. Inda ƙarfe ne zai kama, inda fila ce ta yi kauri zai sake. Sannan ka ɗaga kafet, ka sa yatsa ka danna.

Kada ka yarda a tayar maka da ita kafin ka iso. Da sanyin safiya ake sanin gaskiyar inji. Buɗe murfin lagireto tun injin bai yi zafi ba, in ka ga mai yana yawo a kan ruwa, ko baƙin mai ya koma ruwan madara, gaskit ya tafi. Lambar shasi da ta inji kuma su dace da abin da ke takarda, harafi da harafi. Motar gado ma sai ka tabbata duk magada sun yarda, don na ga wadda aka zo aka ɗauke bayan an gama kashe mata kuɗi.

Kayan gyara akwai, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, sai dai na asali sun yi wuya, 'yan gwangwan sun narkar da da yawa. Kwantak da fulogi ba matsala. Fitilar gaba ta ainihi, ko robar gilashi, kana iya yin wata biyu kana cigiya, kuɗin motar zuwa nema ma wani abu ne.

Ga shawarar da nake ba kowa. Kada ta zama ita ce ƙafarka ta kullum. Ka riƙe babur ɗinka. Kada kuɗinta ya fito daga na taki, ko na makarantar yara, ko daga sayar da gona. In abin da ka ware kashi uku ne, kada na saye ya wuce biyu, ɗayan na gyaran farko ne: taya, birki, batir, lagireto. In ba za ka iya barinta a rufe wata guda ba tare da gidanka ya ji a jikinsa ba, lokacinka bai yi ba tukuna.

Da Baba Malam muka je ganin farar. Maganaɗisun ya faɗi ƙasa sau huɗu a ƙofar direba kaɗai, da na ɗaga kafet kuma sai ga ƙasa muna kallo ta wani rami da aka toshe da langalanga. Bai ce uffan ba har muka hau titi.

Wata biyar bayan nan ya samu wata, fentinta ya koɗe, kujerun sun yage, amma ƙarfenta garau. Muna gyara ta da kaɗan-kaɗan, duk ƙarshen wata abu ɗaya. Fenti ya ce sai ya sayar da waken suya. Ranar Juma'a kawai take fita, jikokinsa cike da baya, sauran kwanaki tana ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa an lulluɓe ta da tamfol.