Darasi Na 14: Daga Gadar Wudil Zuwa Duwatsun Riruwai A Kan Babur

Jama'a, kowa a ajin nan ya san gadar Wudil. Ta kanta muke bi ran Juma'a in za mu ci kasuwa. Masunta suna kamun kifi a ƙarƙashinta, masu lambu suna ban ruwa a gefenta. Amma da za a tambaye mu daga ina ruwan nan ya fito, mutum nawa za su iya ba da amsa?

Koguna biyu ne suka haɗu kafin su iso mana, watau Kogin Calawa da Kogin Kano. Shi Kogin Kano ya gangaro ne daga tuddan da ke gefen ƙasar Jos, ya ratso ta kudancin jiharmu, inda duwatsu suka yi yawa. Can ne garin Riruwai yake, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa.

A darasin yau za mu tafi can a kan babur, muna zaune a kan tabarmarmu. Ba za mu bi kwalta kaɗai ba. Za mu bi burji da turba da burtali, mu yi kwana huɗu a hanya. Wannan ba hira ba ce kawai. Mutanenmu da yawa suna yin irin wannan tafiya, waɗansu sayen masara, waɗansu zumunci, waɗansu aikin rigakafi a ƙauyukan da mota ba ta shiga. Wanda ya shirya yakan komo lafiya. Wanda ya tafi da ka yakan komo da karaya, wani ma sai dai labari.

1. Shiri Tun Daga Gida

Da fari mu zaɓi lokaci. Ruwan sama ya fi yawa a kudu, yana kuma rigan namu sauka. Saboda haka lokacin da ya fi kyau shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da rafuka suka janye, taɓo ya bushe.

Na biyu, ba a tafiyar dutse mutum ɗaya. Babura biyu ko uku suka fi, domin in ɗaya ya lalace ɗaya ya nemo taimako.

Na uku, mu kai babur wurin bakanike tun ana saura kwana biyu. A juye baƙin mai. A duba birki na gaba da na baya. A ɗaure sarƙa daidai, a sa mata mai. A duba fitila. Tayar da ta suɗe a canja ta, gama kuɗin taya bai kai kuɗin ɗori ba.

Ga abin da za mu ɗaura a baya: tub guda, kayan faci, famfo, fulogi sabo, sufana, filaya, igiya, tocila, ruwan sha, guzuri, da bargo. Kaya mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Kowa da hular kwanonsa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano tun 1 ga Janairu 2009. Amma ba don tsoron hukuma za mu sa ba. Ƙafa in ta karye ana ɗorawa, kai kuwa ba shi da maɗori.

Yanzu ga inda karatunmu zai yi mana rana. Mu ce tafiyarmu kilomita 200 ce zuwa. Mu ce babur ɗinmu yana yin kilomita 40 da lita ɗaya a kan kwalta. In mun raba 200 gida 40, mun sami lita 5. To, amma rairayi da hawa suna shan mai. Mu ce a can lita ɗaya kilomita 25 kaɗai za ta yi. In mun raba 200 gida 25, mun sami lita 8. Kun ga bambancin lita 3 ke nan. Wanda bai yi wannan lissafi ba, shi ne za ku tarar yana tura babur a dokar daji.

Abu na ƙarshe, mu ɗauki takarda mu rubuta sunayen garuruwan da za mu kwana, da ranar da za mu komo. Mu bar ta a gida. Mu rubuta wata da sunanmu da lambar wayar ɗan'uwanmu, mu sa a aljihu. A cikin duwatsu waya takan ɗauke, amma takarda ba ta ɗaukewa.

2. Rana Ta Farko: Wudil Zuwa Rano

Mun yi sallar asuba, mun yi sallama da iyali, mun nufi kudu ta ƙasar Garko da ta Kibiya. Nan ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce irin tamu, ga karan dawa an tattara, ga kuka da ɗorawa. Abokin gabanmu a nan shi ne rairayi.

In za mu shiga rairayi, sai mu sauko giya ta biyu tun kafin mu isa. Mu riƙe mai daidai, ba ƙari ba ragi. Mu dubi gaba can, kada mu dubi taya. Kada mu damƙe birkin gaba, gama shi ke ka da mutum. In rairayin yana da tsawo, a rage iskar taya kaɗan, in an fita a mayar da famfo.

A burtali shanu ke da hanya, ba mu ba. In mun gamu da garke sai mu tsaya a gefe, mu rage ƙara, mu gai da makiyayi. Kada mu ratsa gonar mutum don neman yanke.

Da la'asar sai ga duwatsun Rano sun bayyana. Rano tsohon gari ne, yana cikin Hausa Bakwai. Nan za mu kwana. Kafin barci sai mu kakkaɓe matatar iska ta babur, domin ƙurar hunturu tana toshe ta, injin ya riƙa shaƙewa.

3. Rana Ta Biyu: Tiga Da Tudun Wada

Yau za mu gamu da ruwanmu. Daga Rano mun yi yamma zuwa madatsar ruwa ta Tiga. An gina ta daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ita ta tare Kogin Kano ya zama babban tafki. Daga nan ake sakin ruwa ta magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Shinkafa da tumatir da alkama da ake nomawa can, ruwan duwatsun kudu suke sha.

Daga Tiga mun faɗa babbar hanyar da ta nufi Jos, mun isa Tudun Wada. Rana ba ta yi nisa ba, wani zai ce mu wuce. A'a, nan za mu kwana. Dalili kuwa, dajin Falgore yana gabanmu, ba a kuwa shigarsa da yamma. Nan za mu cika tanki, mu sayi mai a galan, mu tambayi direbobi a tasha labarin hanya. Matambayi ba ya ɓata.

4. Rana Ta Uku: Dajin Falgore

Falgore gandun daji ne na gwamnati, dā ana kiransa dajin Kogin Kano, gama kogin ta cikinsa ya bi. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. An keɓe shi don itatuwa da namun daji. Farauta da saran itace a ciki laifi ne.

Ku lura da amfanin wannan daji gare mu. Saiwoyin itatuwa suna riƙe ƙasa, suna sa ruwan sama ya nutse sannu a hankali. In aka sare su, ruwa zai kwashi ƙasa ya zuba a Tiga, tafki ya cike da laka. Ashe gatarin da aka sa a Falgore yana iya taɓa mai lambu a Wudil.

A nan ba mu barin kwalta. An sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu a dajin nan, har a 2017 sojoji suka mai da wani sashe nasa wurin horo. Saboda haka mu shiga da hantsi, mu bi ayarin motoci, kada mu tsaya sai a shingen jami'an tsaro. In sun tambayi takardun babur mu nuna. In sun ce a dakata mu dakata.

Bayan mun fita daji sai mu bar babbar hanya mu nufi Riruwai. Ƙasa ta fara tashi, iska ta fara sanyi. Da mun isa, kafin mu kwance kaya, sai mu nemi mai unguwa mu gaishe shi, mu faɗi ko mu su wane ne, da abin da ya kawo mu. Baƙon da ya gai da masu gari ya sami masu nemansa in ya ɓata.

5. Rana Ta Huɗu: Cikin Duwatsu

Duwatsun Riruwai su ne mafi tsawo a Jihar Kano. Sun haura mita 1,000 bisa teku, alhali birnin Kano bai kai mita 500 ba. Masana sun ce gindin wani tsohon dutse mai aman wuta ne, wanda ya mutu tun zamanin da ba a san mutum ba. A cikinsu akwai kuza. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna narka kuza, fatake suna kai ƙarfenta kasuwa. Daga baya kamfanoni suka zo suka yi haƙa. Hausawa da Fulani da Kurama suna zaune a wannan ƙasa, suna noman masara mai yawa. Akwai kuma wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse a Zainabi, abin sha'awa ga mutumin da ya tashi a fili.

Yau za mu ɗauki ɗan gari ya yi mana jagora, domin akwai tsofaffin ramukan kuza da ciyawa ta rufe. Ga darussa uku na dutse.

Hawa. Iskar tudu ba ta kai ta kwari kauri ba, saboda haka injin yakan rage ƙarfi kaɗan. Mu sa giya ta ɗaya tun daga gindin hawa, mu karkata gaba. In da goyo, ya sauka ya taka. In babur ya mutu a tsakiya, mu riƙe birki, mu sauka ta gefen da ke wajen tudu.

Gangara. Ta fi hawa haɗari. Waɗansu sukan kashe inji ko su fid da giya don tsimin mai. Wannan ganganci ne. Birki kaɗai in ya daɗe yana aiki yakan yi zafi ya daina kamawa. Mu bar babur a giya ta ɗaya, inji ya riƙe shi, muna taimaka masa da birki biyu a hankali.

Ƙetare rafi. Mu tsaya, mutum ɗaya ya shiga da sanda ya auna. In ruwa ya kai gwiwa, ko yana gudu da ƙarfi, mu jira ko mu nemi wani mashigi. Ruwa in ya shiga inji ta hanyar iska, babur ya mutu ke nan. In mun haye, mu tattaka birki har ya bushe. Da damina kuwa, ana iya yin ruwa a kan dutse alhali rana tana haskawa a kwari, sai rafi ya cika farat ɗaya. Kada a kwana a cikin busasshen rafi.

In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a kai shi asibiti nan da nan.

Ran komowa mu sake lissafin mai, mu sake ratsa Falgore da hantsi. Ɗokin gida ya ka da mutane da yawa a kusa da gida. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Kalmomin Da Za A Rubuta A Allo

madatsa, gandun daji, mashigi, jagora, kuza, lita, kilomita

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna biyu suka haɗu kafin su iso Wudil?
2. A wace shekara aka gama madatsar Tiga?
3. Don me muka kwana a Tudun Wada ba mu wuce ba?
4. Me ya sa ba a kashe inji a gangara?
5. Ta yaya saran itace a Falgore zai cuci mai lambu a Wudil?
6. Babur yana yin kilomita 30 da lita ɗaya. Lita nawa zai sha a kilomita 180?

Aikin Gida

Kowa ya rubuta takardar da zai bar wa iyalinsa in zai yi tafiyar kwana huɗu. Ya sa sunansa, da garuruwan da zai kwana, da ranar komowa. A zo da ita aji mako mai zuwa, kowa ya karanta tasa da bakinsa.