Babi na Bakwai: Hali da Shekaru a Tunanin Bahaushe da Binciken Masana

7.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa cika katin sakamakon jarrabawa a makarantar firamare ko ƙaramar sakandare ya san akwai wani gurbi da ba maki ake rubutawa a cikinsa ba. A nan ne ake neman ya faɗi yadda ya ga halin yaro: gaskiyarsa, da tsabtarsa, da zuwansa makaranta a kan lokaci, da zamansa da sauran ɗalibai. Sau da yawa malami kan cika wannan gurbi cikin minti ɗaya, amma abin da ya rubuta yakan bi yaron shekara da shekaru, domin malamin aji na gaba zai karanta, uba ma zai karanta. Saboda haka ya kamata mai koyon aikin malanta ya tambayi kansa: shin halin da ake gani ga yaro ɗan shekara 13, da shi zai tsufa? A wannan babi za a duba amsar da Bahaushe ya bayar, da wadda masana halayyar ɗan Adam suka samu, sannan a ga abin da ya rataya a wuyan malami.

7.1 Hali a Bakin Bahaushe

Hali shi ne ɗabi'ar da mutum ya saba nunawa a wurare da lokuta daban-daban har aka san shi da ita. Fushin rana ɗaya bai isa a kira mutum mafaɗaci ba, kamar yadda kyauta ɗaya ba ta mayar da marowaci mai hannun kyauta.

Idan aka bi karin magana, za a ɗauka Bahaushe ya riga ya yanke hukunci. Shi ne ya ce hali zanen dutse, kuma mai hali ba ya fasa halinsa. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wato idan lokacin tarbiyya ya wuce, to, ya wuce ke nan. Ya kuma jingina hali ga gado, inda ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai harshen yana da wata shaida da ba a cika kula da ita ba. Bahaushen da ya ce hali zanen dutse, shi ne kuma ya ce ƙuruciya dangin hauka, alhali ya san ƙuruciya wucewa take yi. Idan yaro ya addabi unguwa, uwa takan ce a bar shi, zai yi hankali. Idan saurayi ya cika yawo, dangi kan ce a yi masa aure ya natsu. Da hali ba ya motsi ko kaɗan, da waɗannan maganganu ba su da amfani. A dubi kalmar dattako ma. Tushenta ɗaya da dattijo, wato sunan wani mataki ne na shekaru, amma ta zama sunan hali: kamun kai, da riƙon amana, da auna magana kafin a furta ta. Shi ya sa akan yabi matashi a ce ya nuna dattako, a kuma zargi mai furfura a ce ya yi yarinta. Ke nan, a tunanin Bahaushe kowane mataki na rayuwa yana da halin da ake sa ran gani tare da shi.

A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa kan mutumin kirki wanda aka buga a 1974, ya kawo siffofi goma da Bahaushe ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanda ya lura zai ga cewa haƙuri da hankali da hikima ba a neman su cikakku wurin yaro. Jira ake yi shekaru su kawo su.

7.2 Ra'ayin Masana

Wannan saɓani bai tsaya ga Hausawa ba. A 1890 masanin nan na Amurka, William James, ya bayyana cewa halin yawancin mutane yakan daskare da zarar sun kai shekara 30, kamar yaɓen da ya bushe. Ra'ayin ya daɗe yana tasiri. Hatta Paul Costa da Robert McCrae, waɗanda suka yi fice wajen auna hali, a farko sun karkata gare shi.

Masanan wannan fage sukan tattara halaye a ƙarƙashin manyan rukunai biyar. Akwai son jama'a da sakin jiki a cikinsu. Akwai sauƙin kai da tausayi. Akwai himma da tsari da cika alkawari. Akwai natsuwar zuciya, wadda kishiyarta ita ce yawan damuwa da saurin fushi. Sai kuma sha'awar sabon abu da sabon tunani. Kowane mutum yana da rabonsa a kowane rukuni, wani da yawa, wani kaɗan. Akan auna ta hanyar tambayoyin da mutum zai amsa game da kansa, ko waɗanda na kusa da shi za su amsa game da shi, sannan a koma bayan shekaru a sake aunawa.

7.3 Tambayoyi Biyu da Ake Cakuɗawa

Yawancin gardamar da ake yi kan wannan batu ta samo asali ne daga haɗa tambayoyi biyu a mayar da su ɗaya. Ta farko: shin mutum yakan riƙe matsayinsa a tsakanin tsararrakinsa? Ta biyu: shin tsarar gaba ɗayanta takan matsa? Misalin tsawo zai taimaka. Yaran aji ɗaya na firamare duk za su ƙara tsawo kafin su kai aji shida, amma mai yiwuwa ne wanda ya fi kowa tsawo a farko ya kasance cikin dogaye har ƙarshe. Kowa ya canza, jerin kuwa bai rushe ba.

Game da tambaya ta farko, Brent Roberts da Wendy DelVecchio sun tattara bincike 152 a shekarar 2000, duk waɗanda aka bi mutane tsawon lokaci. Sun yi amfani da ma'aunin da ke tashi daga 0, wato babu wata alaƙa tsakanin awon farko da na biyu, zuwa 1, wato jerin bai motsa ba sam. A lokacin yarinta sun sami 0.31, a shekarun karatun jami'a 0.54, a wajen shekara 30 kuma 0.64. Bai kai ƙololuwa ba sai tsakanin shekara 50 da 70, inda ya tsaya a wajen 0.74. Abubuwa biyu ne suka fito a nan. Hali yana ƙara kafuwa yayin da shekaru ke ƙaruwa, wannan kuwa goyon baya ne ga karin maganar ɗanyen icce. Amma ko a shekara 70 bai kai 1 ba.

Game da tambaya ta biyu, Roberts da abokan aikinsa sun sake tattara bincike 92 a 2006. Sun ga cewa himma da tsari, da natsuwar zuciya, da ƙarfin gwiwar tsayawa a gaban mutane duk suna ƙaruwa, kuma mafi yawan ƙarin yana faruwa ne tsakanin shekara 20 da 40. Wato lokacin da James ya ce yaɓe ya bushe, a lokacin ne ma ake tsakiyar aiki. Sauƙin kai yakan ƙaru daga baya. Sha'awar sabon abu da son shiga taro kuwa sukan ja baya a lokacin tsufa. Ya kamata a lura cewa yawancin waɗanda aka auna mutanen Amurka da Turai ne, kuma alƙaluman matsakaici ne na jama'a. Akwai mutanen da ba su bi wannan hanya ba, kamar yadda kowace unguwa ba ta rasa tsohon da ya fi samari rigima.

7.4 Darasi Daga Sikotilan

Akwai wani bincike da ya shafi malamai kai tsaye. A 1950 an sa malamai a ƙasar Sikotilan sun auna ɗalibai 1,208 'yan shekara 14 a kan halaye shida, daga ciki har da juriya, da yarda da kai, da natsuwar zuciya. A 2012 masana daga Jami'ar Edinbura suka nemo waɗanda suka rage, mutum 174 suka amince aka sake auna su suna da shekara 77. A wannan karo su ne suka auna kansu, wani na kusa da su kuma ya auna su. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna alaƙa ƙalilan ce tsakanin abin da malaman suka rubuta da abin da aka samu bayan shekara 63.

Bai kamata a yi gaggawar cewa mutanen sun zama wasu daban ba. Adadin da aka samu a karo na biyu kaɗan ne, kuma masu awon sun bambanta. Wataƙila hali ne ya canza, wataƙila kuma tun farko malaman ba su ga yaran sosai ba. Ko wanne ne daga ciki, abin bai yi wa alƙalamin malami daɗi ba.

7.5 Me Ke Kawo Canjin?

Wani ɓangare daga jiki yake. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taimaka wa mutum ya danne zuciyarsa ya kuma hangi abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Gado ma yana da hannu, kamar yadda binciken tagwaye ya nuna, sai dai bai cinye komai ba.

Ɗaya ɓangaren shi ne nauyin da rayuwa ke ɗora wa mutum. Wiebke Bleidorn da abokan aikinta sun duba bayanan mutane fiye da 880,000 daga ƙasashe 62 a 2013, suka ga cewa inda matasa ke kama aiki da wuri, a nan ne alamun natsuwa da himma ke bayyana da wuri. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tsarin gandu. Saurayin da ke noma a ƙarƙashin mahaifinsa ba shi ke lissafin rumbu ba. Ranar da ya zama maigida, ya san idan hatsi ya ƙare kafin kaka shi za a kalla, dole ya koyi tattali da haɗiye fushi. Abin da aka fara bisa tilas, idan aka yi shekara ashirin ana yi, sai ya zama jiki.

A nan akwai wurin taka-tsantsan. Ba duk canjin da ido ke gani ne canjin hali ba. Amaryar da ba ta ɗaga kai gaban surukai, wadda ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ita ce bayan shekara arba'in za a tarar tana wasa da jikoki tana faɗin abin da ke ranta a gaban kowa. Mai yiwuwa tun can mai barkwanci ce, al'ada ce ta rufe mata baki, yanzu kuma ta buɗe. Haka nan idan dattijon da aka sani da kamun kai ya rikiɗe cikin 'yan watanni, ya shiga zagi ko zargin iyalinsa ko yawan mantuwa, kada a tsaya ga cewa gigin tsufa ne. Canjin da shekaru ke kawowa a hankali yake tafiya. Mai sauri irin wannan yana iya zama alamar cutar ƙwaƙwalwa, kuma asibiti ya kamata a nufa.

7.6 Abin da Ya Shafi Malami

Christopher Soto da abokan aikinsa sun duba mutane fiye da miliyan ɗaya, daga 'yan shekara 10 zuwa 65, a wani bincike na 2011. Sun ga cewa himma da sauƙin kai sukan yi ƙasa daga ƙarshen yarinta zuwa farkon balaga, sannan su sake tashi yayin da ake tunkarar shekara 20. Wannan kwari ya faɗo daidai shekarun ƙaramar sakandare, inda da yawa daga masu karanta wannan littafi za su koyar. Ma'ana, malami yana haɗuwa da yaro ne a lokacin da halinsa bai kafu ba, kuma a lokacin da ya fi nuna taurin kai da sakaci.

Don haka akwai bambanci tsakanin a rubuta “malalaci ne” da a rubuta “bai kawo aikin gida sau biyar ba a wannan zango”. Na farko hukunci ne a kan mutum, wanda malamin gaba zai gada ya riƙa kallon yaron da shi, har yaron ma ya yarda haka yake. Na biyu bayani ne a kan aiki, yana da lokaci, kuma ana iya sake duba shi a zango mai zuwa. Wannan ba ya nufin a kau da kai daga ƙarya ko sata ko cin zali da sunan zai yi hankali. Binciken da aka kawo a sama ya nuna nauyi ne ke gyara mutum, saboda haka yaron da ya cika surutu ana iya damƙa masa rajistar masu shara ko makullin akwatin alli na wata guda, a ga yadda zai yi.

Jinga

1. Kawo karin magana uku da ke nuna hali ba ya canzawa, da kalmomi ko maganganu uku na yau da kullum da ke nuna akasin haka, ban da waɗanda aka kawo a wannan babi.

2. Tattauna da wani dattijo ko dattijuwa da ya haura shekara 60 game da halinsa yana saurayi ko budurwa, sannan ka tambayi wani tsaransa da ya san shi tun lokacin. A ina bayanansu suka saɓa, kuma me kake ganin ya jawo haka?