Ciwon Jiki Mai Daɗewa: Yadda Ake Gane Fibromyalgia

Fibromyalgia ciwo ne da ke game jiki, tare da kasala, rashin barci mai daɗi da yawan mantuwa. Ana ƙiyasin yana kama mutum 2 zuwa 4 cikin ɗari, kuma mata ne suka fi fama da shi.

A Danko da ƙauyukan ƙasar Zuru, ana iya ɗaukarsa sanyin ƙashi, ko taifot, ko gajiyar noma, sai a yi ta sayen diclofenac a kemis, wanda yawan shansa ke illata ciki da ƙoda. Wannan kuskure ne mai tsada.

Babu gwajin jini ko hoton da ke nuna cutar. Bisa ma'aunin da likitocin Amurka suka sabunta a 2016, ana duba ko ciwon ya kai wata 3, ya kuma shafi sassa 4 cikin 5 na jiki. Gwajin jini kuwa don kawar da zaton wasu cututtuka ne, kamar ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo.

Ya kamata majiyyaci ya je babban asibitin Zuru, ya lissafa wa likita wuraren da ke masa ciwo, yanayin barcinsa, da magungunan da ya sha. In abin ya faskara, a nemi a tura shi asibitin koyarwa na Sakkwato. Tafiyar ƙasa kullum da barci kan lokaci suna rage raɗaɗin.