Garin Taba da Cingam na Nikotin: Inda Masu Shan Sigari Suke Karkatar da Ma'auni

Daga cikin al'amuran da suka daɗe suna damuna a aikin jinya, musamman tun da aka ɗora mini kula da masu ciwon ƙirji, babu kamar yadda mutumin da ya ƙudura niyyar rabuwa da sigari, bayan tari ya hana shi barci kuma likita ya yi masa kashedi, yake karkata da zuciya ɗaya zuwa ga garin taba, alhali kuwa idan aka miƙa masa maganin da aka tanada domin wannan lalura sai ya ja da baya yana ɗari-ɗari. Galibi hujjar irin waɗannan mutane ba ta sauyawa: garin taba ba shi da hayaƙi, kuma kakanni sun yi ta sheƙa shi suna cusa shi a dasashi har suka tsufa, cingam da filastar nikotin kuwa, ai sunan abin da ake gudu ne rubuce a jikin kwalinsu. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Ɗana, yaya za ka ce in bar nikotin, sannan ka ba ni nikotin?" Na ce masa, "Baba, tambayar taka tana kan hanya, sai dai wanda ya kama ka daban, wanda yake cin huhunka daban."

Haƙiƙanin mas'alar shi ne nikotin shi ke ɗaure mutum, domin daga zuƙa guda yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma wannan gaggawa ita ce take sa jiki ya saba har ya kasa haƙuri. Amma mafi yawan cutar da ke kai mutane kabari tana cikin hayaƙin ne, wanda masana suka ƙididdige sinadarai fiye da 7,000 a cikinsa, kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa ciwon daji, ban da kwaltar da ke liƙe wa huhu da iskar kabon monoksaid da ke hana jini ɗaukar iskar da yake bukata. Tun a shekarar 1976 wani likita a Landan, Michael Russell, ya bayyana cewa mutane suna shan sigari ne domin nikotin amma kwalta ce take kashe su. Ba na wanke nikotin, yana ƙara saurin bugawar zuciya kuma ba alheri ba ne ga mai juna biyu, sai dai ɗora masa laifin hayaƙi baki ɗaya kuskure ne da yake hana mutane magani.

To, a nan ne shubuha take shigowa, kuma wajibi ne in yi wa masu garin taba adalci, domin akwai ɓurɓushin gaskiya a maganarsu. Tabar da ba a ƙona ba ba ta aika kwalta zuwa huhu. A ƙasar Suwidin akwai wata taba mai laima da ake sawa ƙarƙashin leɓe, snus, wadda ake turara ta da zafi a masana'anta, ake kuma iyakance yawan gubar da ke cikinta. Maza da yawa a can sun koma gare ta, kuma ƙasar tana cikin mafi ƙarancin masu shan sigari a Turai, duk da cewa Tarayyar Turai ta haramta sayar da ita tun 1992, Suwidin kaɗai aka yi wa togaciya da ta shiga a 1995. Wasu 'yan boko da suka ji wannan labari sukan kawo mini shi a matsayin dalili. Amma ƙiyasi ba ya inganta sai illa ta zama ɗaya, kuma abin da ke cikin battar dattijonmu, ganyen da aka shanya, aka daka, aka gauraya da kanwa, ba tare da wani ya auna abin da ke ciki ba, ya fi kusa da tumbak na Sudan, wanda shi ma ake haɗa shi da kanwa, kuma bincike ya same shi cikin nau'o'in tabar da suka fi kowanne yawan sinadaran naitrosamin masu jawo ciwon daji. Kanwar da ake zubawa don ta ƙara masa kaifi aikinta shi ne ta sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauri, saboda haka mai garin taba bai kuɓuta daga ɗaurin ba, ya dai sauya igiya. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tabar da ba a ƙonawa cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon, musamman na baki da na maƙoshi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, da yawa cikin waɗanda suka ce sun koma garin taba ba su bar sigarin ba sam. Gari a wurin aiki ko gaban surukai, kara kuma bayan sallar isha'i, sai ya zamana sun tara illoli biyu suna zaton sun rage ɗaya.

Maganin maye gurbin nikotin kuwa asalinsa daga wannan ƙasa ta Suwidin ne, inda Ove Fernö da abokan aikinsa suka ƙirƙiro cingam ɗin, aka fara yi masa rajista a Suwizalan a 1978, kuma a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cingam da filasta cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. Hikimarsa ita ce ya ba jiki nikotin tsantsa, a hankali, gwargwadon da aka auna, ba hayaƙi ba ganye, domin ƙunci da saurin fushi da rashin natsuwa na makon farko su yi sauƙi, sa'an nan a riƙa ragewa cikin mako 8 zuwa 12 har a daina. Gwaje-gwaje masu yawa da aka tattara sun nuna yana ƙara damar bari da kimanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, kuma haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗayansu kaɗai. Wannan ba tabbacin waraka ba ne, taimako ne ga mai niyya, kuma malaman fiƙihu sun riga mu sanin ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cutuka biyu domin tunkuɗe mafi girmansu.

Sau da yawa wanda ya dawo yana cewa maganin bai yi masa aiki ba, idan na bincika sai in tarar ba a koya masa ba ne. Ya tauna cingam ɗin kamar na yara, ya haɗiye yawun, sai shaƙuwa da ƙwannafi suka taso masa. Alhali ƙa'idarsa a tauna sannu har a ji ɗan yaji, a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya lafa a sake taunawa, kimanin rabin sa'a, kuma a nisanci gahawa da lemon kwalba minti 15 kafin a sa shi. Akwai mai miligiram 2 da mai 4, kuma wanda yake kunna kara da zarar ya farka galibi mai 4 yake bukata. Filasta kuwa a kan busasshiyar fata marar gashi ake manna ta, a sauya wuri kowace rana. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, kada su fara sai da shawarar likita.

Ba zan ɓoye cewa tsada da ƙarancin maganin suna cikin abin da ke tura talaka ga batta ba, domin a garuruwanmu sai ka zaga kantunan magani da dama ba ka same shi ba, alhali sigari, wanda dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar da shi kara-kara, yana nan a teburin mai shayi da na mai tireda. Wannan nauyi ne a wuyan hukumomin lafiya da mu ma'aikatansu. Kafin a kai ga gyara shi, ina roƙon duk mai sa garin taba a baki da ya ɗaga leɓensa ya duba wurin da ya saba ajiyewa. Idan ya ga farin tabo da ba ya gogewa, ko jan tabo, ko gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, to ya je asibiti a duba shi ko da ba ya jin zafi, domin ciwon daji na baki a farkonsa sau da yawa ba ya ciwo.