Fili da hanyar kwalta

Ka duba filinka na bayan gari. Jiya babu hanya, babu famfo, ba mai ko taya shi. Yau an shimfiɗa kwalta a gabansa, kuɗinsa ya hau. To, wa ya yi hanyar? Kuɗin jama'a ne, har da lampon ɗan haya.

A Kolombiya, can Amurka ta Kudu, an yi doka tun 1921. Wanda aikin gwamnati ya ƙara ma filinsa daraja, sai ya biya wani kaso na kuɗin aikin. Na bakin hanya ya fi na nesa biya. Da haka birnin Bogota ya gina tituna da yawa.

Amma tsohuwa mai gida fa? Gidanta ya yi tsada, hannunta babu ko dala. Shi ya sa ake yarda mutum ya biya kaɗan-kaɗan.