Cushen Burodi Na Biki: Fara Da Busar Da Burodin

A Amurka, ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba ake bikin godiya, kuma abincin ranar ba ya cika sai da gasasshen talotalo da cushen burodi a gefensa. Mutanen Ingila ma suna yin nasu lokacin Kirsimeti, da albasa da ganyen sej. Da kaza ma yana tafiya sosai. Ga yadda za ki yi.

1. Kwana biyu kafin ranar girki ki sayi burodi, kamar rabin kilo. Ki nemi wanda ba a cika masa sukari ba, don mai zaƙi yana rikita ɗanɗanon romo.

2. Ki busar da shi. Nan ne duk aikin yake. Ki yayyanka shi girman dunƙulen magi, ki baza a tire, ki rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda, ya kwana biyu. Da hunturu kwana ɗaya ma ya isa. In kina sauri, ki sa shi a obin mai zafin digiri 120 na minti 40. Ki matsa guda da yatsa: in ya ƙi lotsawa, ya yi. Busasshen burodi yana shan romo ya riƙe jikinsa, sabo kuwa caɓewa yake yi, kuma babu kayan ƙamshin da zai cece shi.

3. Ranar girki, ki narkar da bota giram 100, ki zuba albasa 2 da sandar seleri 3, duk yankakku. Wuta kaɗan, minti 10, su yi laushi ba tare da sun yi ja ba. Ki barbaɗa thyme da masoro, da sej in kin samu. Hanta da ƙundun kazar, ki dafa ki yayyanka ki zuba, suna ƙara armashi.

4. Ki juye a kan burodin cikin babban kwano, sai romon kaza, kamar kofi 2. Ludayi-ludayi za ki zuba kina juyawa, ba duka lokaci guda ba. Ki damƙi kaɗan a hannu: ya haɗe, amma kada ruwa ya ɗiga. Ki ɗanɗana gishiri yanzu, kafin ƙwai ya shiga.

5. Ki kaɗa ƙwai 2 ki cakuɗa a hankali.

6. Ki shafa wa mazubin gashi bota, ki zuba ba tare da dannewa ba. Ki rufe da foyil, digiri 180, minti 30. Sannan ki buɗe ki ƙara minti 15 zuwa 20, har saman ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras.

7. In kin nace sai kin cusa a cikin kazar, ki cusa dab da gashi, sako-sako. Ruwan ɗanyen nama yana shiga cikinsa, don haka dole tsakiyarsa ya kai digiri 74. Ba ki da ma'aunin zafi? Ki gasa shi daban, hankalinki kwance. Ni dai na daban na fi so, don shi ne mai ɓawon saman nan da ake rububi.

Ragowar kuma ki sa a firij kafin awa 2, a cinye cikin kwana 3.