Ga ɗaliban Faransanci na Birnin Kudu da Gwaram

Ɗalibi, idan hutu ya mayar da kai Birnin Kudu ko Gwaram, kada ka bar Faransancinka a jaka. Kowace rana ka saurari Journal en français facile na gidan rediyon RFI. Labaran duniya ne da ake karantawa a hankali, kuma akwai rubutunsu a intanet, sai ka riƙa bi da ido kunne na aiki.

Mai karatun digiri ya fara tanadin kuɗi da wuri saboda zaman dole a Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991. Takardar DELF kuwa, shaidar iya Faransanci wadda hukumar ilimi ta Faransa ke bayarwa, ba ta tsufa. Ka tuntuɓi Alliance Française ta Kano kan lokacin jarrabawa, ka sa ido a kan matakin B2, domin shi jami'o'in Faransa suka fi nema.

A ganina, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ma aji ce. Sai dai 'yan Damagaram da ke zuwa kasuwar daga Nijar za su amsa maka da Hausa. Ka roƙi waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, su daure su yi maka Faransanci.